Ramin takina ya hana maƙwabta shan iska, ga suna ranar Alhamis

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku taimaka mini da shawara tun kafin zumunci ya ɓaci. Sati biyu da suka wuce aka yanke ciyawar filin ƙwallon makarantar da nake koyarwa, da inji aka yanke ta, ta fito ƙanana-ƙanana kamar yankan alayyahu. Na ga za a bar ta nan ta lalace, sai na ɗauki mai kura ya yi mini sawu huɗu. Na zuba a ramin da muka haƙi ƙasar gini a bayan gida, zurfinsa zai kai ƙuguna. Na ƙara da tafasa da rai-ɗore da na nome a gindin katanga, da sharar tsakar gida, da kashin kaji buhu biyu. Niyyata kafin sanyi ya shigo in sami takin da zan kai ɗan lambuna na albasa a nan wajen Bunkure.

Sai marka ta sauka kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Yanzu wallahi ko alwala ba ma iya yi a bayan gida. Wari ne kamar ɓaragurbi ya fashe, in ka matsa kusa kuma wani zarni ya daki hancinka har ido ya kawo ruwa. Babbar matsalar ita ce matar maƙwabcina ta sauka shekaranjiya, suna ranar Alhamis, kuma a ƙofar gidansa za a shimfiɗa tabarmi, taku ashirin daga ramin. Bai ce mini komai ba. Amma jiya bayan Magariba ya tambaye ni a hankali ko akuya ce ta mutu mini.

Na Gezawa:
Wa alaikumus salam. Malam, mutumin nan yana da kawaici. Ni ne da tuni na kawo maka likkafani.

Alhaji Mai Tumatir:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya abin da aka samu. Ni abin da ya ɗaure mini kai, yaushe aka fara binne ɗanyar ciyawa a ƙasar Kano? Mu da muka taso, ciyawa ta dabba ce. A ba akuya, a ba tunkiya, a ba sa, su ci su fitar, sannan a share turke a kai juji. Cikin dabba shi ne ramin takinmu. Kai ka tsallake akuyar ka je kai tsaye, shi ya sa.

Amma tunda ta faru, nemo toka ka barbaɗa da yawa, ka bi da ƙasa ka rufe. Warin zai kwanta.

Baban Hanifa:
Alhaji, awakina biyu ne, kuma a wannan damina ko kallon ciyawar inji ba sa yi. Kwana ɗaya ta yi a tare ta ɗau zafi, na miƙa musu suka kau da kai. Toka kuwa akwai, Maman Hanifa ta tara cikin tsohon baho. Gobe da safe in sha Allahu.

Malamin Gona:
Dakata tukuna Malam, kada ka zuba tokar nan. Alhaji ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, zan saɓa maka a nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Wari biyu ka faɗa, kuma kowanne da abin da yake gaya maka. Na ɓaragurbin yana cewa iska ba ta shiga. Ciyawar inji in ta jiƙa sai ta manne da juna ta zama kamar tabarma, ga shi ka sa ta a rami, ruwa ya kwanta a ƙasa. Ƙananan halittun da ke mayar da ciyawa taki numfashi suke yi kamar ni da kai. In iska ta yanke sai su mutu, waɗansu irin da ba sa bukatar iska su karɓi aikin, su kuma aikinsu da ɗoyi yake tafe. Zarnin kuwa labarinsa daban. Shi amoniya ce, wato naitirojin ne yake tashi sama. Ɗanyar ciyawa tana da shi da yawa, kashin kaji ya fi ta, ka haɗa su ba tare da busasshen abu ba. Abin da kake saye a buhun yuriya da tsada, shi ne yake shiga hancin maƙwabcinka kyauta.

To toka ƙara korar amoniyar take yi. Duk mai shakka ya ɗebi jiƙaƙƙen kashin kaji a kwano, ya zuba toka ya cuɗa, ya kai hanci. Zai ba mu labari.

Alhaji Mai Tumatir:
Malam, shekarata nawa ina ganin ana zuba toka a masai wari ya kwanta? Tun kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 nake bin mahaifina gona. Jakai muke korawa da mangala cike da takin birni, kuma rabin wannan taki toka ne da sharar gida. Gero ya yi, dawa ta yi. Ba mu taɓa jin an ce toka ta kori wani abu ba.

Malamin Gona:
Gaskiyarka Alhaji, kuma ban ce toka ba ta da amfani ba. Tana da sinadarin fotash, gona na so. A masai kuma abin da ake nema shi ne wurin ya bushe, ƙuda ya rasa wurin sauka, babu ruwan kowa da abin da ya tashi sama. Takin birni da kuke ɗaukowa da rani ne, a bushe yake ƙamas, ya gama abin da zai yi. Na Malam jiƙaƙƙe ne sharkaf, yana tsakiyar ruɓa. Ya ajiye tokarsa a baho, ranar da zai kai taki lambu ya watsa ta daban.

Rufewa da ƙasa ma, in ya danne ramin yadda yake a yanzu, ya ɓoye wari na kwana biyu ne kawai. Ruwa ya sake sauka ƙasar ta tsage, ya dawo, wataƙila ranar sunan ma.

Na Gezawa:
Ku bar wahalar da kanku. Kwalbar Izal biyu, a tsiyaya, a bi da ɗan kananzir. Magana ta ƙare.

Hajiya Mai Kaji:
Haba Na Gezawa, takin albasa fa mutum zai yi, ba banɗakin tasha zai wanke ba. In ya kashe masu yi masa aikin, wa zai ruɓar da ciyawar?

Malam Baban Hanifa, ni na sha wannan kunyar, bari in ba ka labari. Shekara uku da suka wuce na tara kashin kaji a buhunan leda bayan keji, ina jiran masu lambu su zo saye. Ruwa ya shiga buhunan. Ranar da aka buɗe ɗaya, tsutsa ce ta yi ta zubowa, wari kuwa har gidan mai unguwa. Sai ga ɗan aike wai ana son ganin maigidana. Tun daga ranar ban ƙara barin kashin kaji shi kaɗai ba. Ɓuntun shinkafa nake shimfiɗa wa kajin, in na kwashe ya riga ya gauraya, sai in tsiba a ƙarƙashin rumfa. Kai da kake kusa da Kura, ɓuntu ai ba abin nema ba ne, ga injinan casa nan birjik. Ka samo buhu biyar ko shida yau ɗin nan. In ka sami wanda ya ƙone ya yi baƙi bai zama toka ba, shi ne ma gwanin shanye wari, kamar gawayi yake.

Ɗalibin Noma:
Salamu alaikum iyayena. Ina aji uku a Jami'ar Bayero, fannin noma, bari in ɗan ƙara da abin da aka koya mana. Ana so tsibin taki ya kasance kusan kashi 30 na kabon ga kashi 1 na naitirojin. Ɗanyar ciyawa kabon ɗinta bai kai kashi 20 ga 1 ba, kashin kaji wajen 10 yake, garin katako kuwa ɗaruruwa ne. Laima kuma ana so ta tsaya tsakanin 50 zuwa 60 cikin 100. Wannan tsari na jera kore da busasshe hawa-hawa ana juyawa, wani Bature ɗan Ingila, Albert Howard, ya yi fice da shi a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931.

Alhaji Mai Tumatir:
Yaro, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma Malam ba shi da ma'auni a bayan gida, kuma jariri ba zai jira a auna kabon ba. Shi Baturen ma na tabbata wajen manoman Indiya ya gani.

Ɗalibin Noma:
Haka ne Baba, shi da kansa bai ɓoye cewa ya koya daga manoman can ba. A gafarce ni.

Malamin Gona:
Lissafin ɗalibinmu daidai ne, bari in mayar da shi na baro da shebur. Malam, ga abin da za ka yi, kuma gobe Lahadi za ka yi shi, ba jibi ba, don ranar da aka tone shi warin zai fi na kullum. Kana bukatar kwana uku ya lafa.

Fito da komai daga ramin. Rami na rani ne, lokacin da ake tsoron tsibi ya bushe. Da damina a tudu ake yi, inda ruwa ba ya kwanciya. Abin da ka fitar ka baza shi a rana ya sha iska ko da na wuni ɗaya ne, ka sa manjagara ka wargaza duk inda ya manne. Za ka ga wani ya yi baƙi yana yauƙi kamar kuɓewa, shi ne uban warin, kada ka bar shi dunƙule ko kaɗan.

Sannan ka shimfiɗa kara a ƙasa, gicciye, kauri kamar taƙi ɗaya, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa ruwa kuma ya tsiyaye. A kai ka zuba busasshen abu baro biyu, jiƙaƙƙiyar ciyawar baro ɗaya a baje, kada kaurinta ya wuce yatsu huɗu, ka sake busasshe baro biyu. Tunda taka ta sha ruwa sosai, ko baro uku ka sa ba laifi. Haka har ya kai ƙirjinka, faɗi kamar taku biyu. Kada ka hau ka tattake. Mutanenmu suna son tattake abu don ya zauna, nan ba a so. In kana da tsohuwar azara ko sanda mai kauri, kafa ta a tsakiya tun farko, in ka gama ka zare, ramin da ta bari hanci ne.

Na ƙarshe a sama ya zama busasshe zalla, taƙi guda, ɓuntu ko tsohon taki da ya gama ruɓa. Wannan hular ita ke tare abin da ya rage na wari.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri Malam. Amma a watan Agusta ina zan sami busasshen abu har baro ashirin? Kara ya ƙare tun bazara, ganye duk kore ne. Ɓuntu shida ba zai kai ba.

Ɗan Fadama:
Malam duba gidanka da kyau, busasshe yana nan. Tsohon zana da ya zube, dannin da gara ta ci, shucin ɗakin da aka sauya, tsohuwar tabarmar kaba, ɓawon gyaɗa wajen masu ƙuli-ƙuli, kwalayen shago ka yayyaga. Je ka wajen kafinta ya ba ka garin katako, amma ban da na filawud ko katakon da aka shafa wa fenti.

Mu nan Haɗejiya kachala ce ta dame mu, ta cinye hanyoyin ruwa ta hana su kai gona. Masu yankewa in suka tsibe ta ɗanya a bakin ruwa, bayan sati ba ka iya wucewa ta wurin. Ni sai na bar ta ta bushe a kan gaɓa, in sassara, ita nake sa wa a madadin kara. Ko da ciyawa ce, doka ɗaya: kwana ɗaya ko biyu a rana ta yi yaushi kafin a tara. Da ka yi haka tun farko da ba mu san an haihu a unguwarku ba.

Duba-gari:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Ina rijiyarku take daga ramin nan? Baƙin ruwan da ke kwance a ƙasansa ba abin wasa ba ne, tunda akwai kashin kaji a ciki. Mu a masai mita 30 muke cewa a bari tsakaninsa da rijiya. Kada a kwashe ruwan a watsa a kwata ya bi ta ƙofar gidajen mutane. A zuba ɓuntu ko busasshiyar ƙasa ya shanye, a cike ramin, in ba haka ba sauro zai karɓi haya. Yara kuma kada su shiga ramin da sunan taya aiki. Mai aikin ya sa takalmin roba, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Baban Hanifa:
Rijiya tana can gaban gida, da nisa, alhamdu lillahi. To ruwan sama fa? In na gama in lulluɓe da leda?

Hajiya Mai Kaji:
A'a, kada ka naɗe shi da leda kamar gawa, ka koma gidan jiya. Kafa 'yan sanduna huɗu ka ɗora tsohon kwano ko zana a sama, gefe a buɗe. Ruwa ba ya dukansa, iska na wucewa.

Kuma ka gaya wa Maman Hanifa, sharar da za ta riƙa kaiwa ban da ƙashi, ban da kayan cikin kaza, ban da ragowar miya mai maiƙo, ban da ruwan wanke-wanke. Su ke jawo ɓera da kare. Ƙunzugun yara na zamani da leda da batir kuwa ba sai an faɗa ba.

Alhaji Mai Tumatir:
Na ji bayaninku, kuma ban ƙi ba. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: wannan duk wahala ce da turke zai ɗauke maka. Baɗi ka shanya ciyawar ta bushe, ka shimfiɗa wa awakin a ƙarƙashinsu. Su tattake, su yi fitsari a kai, su yi kashi, wata biyu ka kwashe. Ba ka ga kore da busasshe sun haɗu da kansu ba?

Malamin Gona:
Wannan kam babu ja, Alhaji. Shi ne ma abin da ya fi, don fitsarin da yake tafiya a banza shimfiɗar ce ke kama shi. Sai dai a tambaya ko an yi wa filin feshin maganin ciyawa kafin a kai wa dabba.

Malam, abu biyu na manta. Yadda za ka gane laima ta yi daidai: damƙi cikin hannunka ka matse. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, ƙara ɓuntu. In ka buɗe hannu ya watse kamar ƙaiƙayi, ya bushe, yayyafa ruwa. In ya dunƙule, tafin hannunka ya yi sanyi, ɗigo ɗaya ko biyu, shi ke nan. Na biyu, soka guntun rodi har tsakiya ka bar shi. Bayan kwana biyu ko uku ka zaro ka taɓa. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa, aiki ya kankama. Tsibi mai kyau yana kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin zafi na Salsiyas, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin 'ya'yan ciyawa, don tafasar da ka zuba ba za ta rasa 'ya'ya ba. Kirikiri da aya-aya dai kada ka yarda su shiga da saiwarsu, sai sun bushe ƙurmus.

Na Gezawa:
Ni shawarata ta ƙarshe ita ce ta gaskiya. Kafin ka sa shebur, je ka gaya wa angon ƙarni abin da ke ciki. Mai jego na ɗaki, gobe warin zai ninka, kada su ɗauka da gangan ne.

Ɗan Fadama:
Yau dai Na Gezawa ya yi magana. Ka kuma lura da iska, da damina daga kudu maso yamma take busowa. In gidansa na arewa maso gabas da kai, sabon tsibin ka kai shi can ɗaya kusurwar.

Baban Hanifa:
Wallahi daidai nan gidansa yake. Ashe shi ya sa ya fi mu sha.

Baban Hanifa:
Salam jama'a, yau Talata, ga yadda aka yi. Daren Asabar na je na same shi na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi tun farko ya san ba akuya ba ce, don ya ƙirga nawa sun cika. Lahadi bayan Asuba ya turo mini ƙannensa biyu. Mun ɗaure hanci da rawani muka shiga. Abin da ke ƙasan ramin ba zan iya kwatanta muku shi ba, ɗaya daga cikin samarin sai da ya koma gefe ya yi amai. Ciyawar ta fito falle-falle kamar an jera fatu, cikinta har yanzu kore shar, ko alamar ruɓa babu bayan sati biyu. Allah ya taimake mu aka yi rana. Mun baza, Litinin da safe muka jera. Ɓuntu buhu bakwai, tsohon dannin bayan gida gaba ɗaya, da garin katako buhu biyu. Ramin mun cike shi.

Yau da na zaro rodin da ɗumi sosai, da safe har tururi na gani yana fita ta ramin sandar. Ɓaragurbin ya tafi. Zarni na nan kaɗan in ka sa hanci a jiki.

Malamin Gona:
Madalla. Ɗan zarnin nan ƙara kaurin hular ta wajen da yake fitowa. Kada ka taɓa shi sai an watse daga suna. Bayan kwana goma ka juya, na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje, sannan duk sati biyu. Ɓuntu yana da taurin kai, za ka riƙa ganinsa a ciki ko bayan wata uku, ba komai, a lambu zai ƙarasa. In ka ga gwazarma daga baya kada ka damu, kajin Hajiya za su so ta.

Alhaji Mai Tumatir:
Tokar fa?

Baban Hanifa:
Tana baho Alhaji, na rufe ta da faifai, sai ranar dashen albasa.

Baban Hanifa:
Juma'a. An yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan kakarta. A ƙofar gidan aka zauna tun hantsi har Azahar, babu wanda ya taɓa hanci. Wani baƙo daga Garun Malam ma ya leƙa ta katanga ya tambaya ko tsibin na sayarwa ne. An aiko mana da cinyar rago.

Na Gezawa:
Ƙashin cinyar dai kada a kai tsibi, Hajiya ta hana.

Baban Hanifa:
An sake yanke filin makarantar jiya. Mai kura ya kawo sawu biyu, tana nan baje a kan tsohon kwano tana shan rana. Hajiya, in kina da lambar mai ɓuntun da ya ƙone, turo mini ta gefe.